A Tuna da Ɗalibai Wajen Rabon Zakka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ɗana yana karatu a nan Gusau. Ranar da na leƙa ɗakinsu, su huɗu na tarar sun kewaye kwano ɗaya na garin kwaki da ƙuli-ƙuli, shi ke nan har gobe. Biyu daga cikinsu iyayensu sun baro gonakinsu saboda 'yan bindiga, ba mai aiko musu ko tiyar gero. Wallahi na kasa barci.

NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗaliban manyan makarantu rancen karatu, na ba da naira 20,000 a wata, amma rance ne, kuma ba kowa ya samu ba.

Ina roƙon Hukumar Zakka da Waƙafi ta Zamfara ta ware wa irin waɗannan yara hatsi, a raba ta hannun limaman makarantu, a asirce, don da yawansu kunya ke hana su roƙo.

Wani uba,
Gusau.