A gyara yadda ake tambayar mutane kan lafiyarsu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina so in yi magana kan masu yawo gida-gida da fom ko tablet suna tambayar jama'a wane irin kulawar lafiya suka fi so. Aikin yana da amfani wallahi, don da shi gwamnati da ƙungiyoyi ke tsara inda za a sa kuɗi, amma yadda ake tambayar akwai gyara sosai.

Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta yi a 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya. To in ka tambayi mace a gaban mijinta ko uwar mijinta me ya sa ta haihu a gida, ai kunya ba za ta bari ta ce kuɗin mota ne babu ko nas ce ta taɓa yi mata tsawa ba, sai dai ta ce haka muka saba, a rubuta a wuce.

Sannan zaɓin nan da ake cewa mutum ya ba abu maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda yake son shi, tsohuwa a ƙauye ba ta gane shi, gara a ɗora mata abu biyu ta zaɓa, asibiti kusa amma ba magani, ko mai nisa da magani da ungozoma mace. Nan ne za a ji gaskiya. Binciken da ake yi ta waya kuma yana tsallake matan da ba su da waya.

Don Allah a riƙa keɓe mace ita kaɗai da mai tambaya mace 'yar'uwarta, kuma a gwada tambayoyin da Hausar yankin kafin a fita fili.

Naku,
Mai karatu daga Zariya