Sanarwa: jerin zaɓen farko na kakar 2026

Salamu alaikum ƴan uwa. Kafin mu tsayar da ranar zaɓen ƴan wasan fantasi na besbol (wasan da kowa ke haɗa ƙungiyarsa da ƴan wasa na gaske, ana ba shi maki bisa ƙoƙarinsu a fili), ga yadda na jera manyan, kowa ya duba ya faɗi nasa.

Shohei Ohtani na Dodgers ne a gaba. A 2024 ya buga hom ron 54 (bugun da ke tsallakar da ƙwallo bayan shingen fili), ya saci bes 59 (rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba), a 2025 ya ƙara hom ron 55, ga shi ya dawo jifa. Amma ku kula, shafin fantasi na Yahoo na raba shi gida biyu, mai bugu daban, mai jifa daban. Bara wani ɗan uwanmu ya danna na jifan cikin gaggawa, haka ya kwana da takaici.

Aaron Judge na biye da shi: hom ron 53 da matsakaicin bugu .331 (wato yana dacewa kusan sau ɗaya cikin uku) a 2025. Wanda ya sa shi farko ba zan yi masa musu ba.

Na uku nan ne rigimar take. Ni Bobby Witt Jr. na Royals zan ɗauka, don matashi ne, yana da gudu, kuma bugunsa ba ya faɗuwa. Sai dai Juan Soto ya ba ni mamaki ƙwarai a 2025, mutumin da ba a san shi da gudu ba ya saci bes 38, ga hom ron 43. Soto ne na huɗu, José Ramírez na biyar.

Masu jifa kuwa, Tarik Skubal da Paul Skenes sun ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a 2025, amma don Allah kada ku taɓa su kafin mutum na shida, ciwon gwiwar hannu ba ya sallama.

A turo jeri kafin Juma'a.