Ku kai mu cocin da ke cikin dutse a Tigray

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, kai da abokan aikinka.

Duk lokacin da jaridarku ta ambaci yankin Tigray na ƙasar Habasha, labarin yaƙi ne ko na yunwa. Gaskiya ne, mutanen wurin sun ga tashin hankali daga Nuwamban 2020 har zuwa yarjejeniyar sulhu ta Pretoria a Nuwamban 2022. Amma akwai abin da na gani da idona a can, kuma ina roƙon ku nuna wa masu karatu shi.

Ni magini ne. Kafin yaƙin na kai ziyara garin Negash, inda ake cewa kabarin Najashi yake, sarkin da ya ba sahabban Manzon Allah (SAW) mafaka. A hanyar dawowa direbanmu ya matsa sai mun ratsa duwatsun Gheralta, kusa da Hawzen, mun ga wani ɗan coci da ake kira Abuna Yemata Guh. Yana kan tsayin mita 2,580 daga matakin teku, a cikin wani tsauni mai tsini. Ba a ɗora tubali ko ɗaya a wurin ba, dutsen aka sassaƙa aka shiga cikinsa. Mu magina muna ƙara ƙasa a kan ƙasa, su kuwa cirewa suka yi ta yi har ɗaki ya fito, ga tulluwa a sama. Magini in ya yi kuskure yana rushewa ya sake. Mai sassaƙar dutse ba shi da wannan damar, kuma wannan ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya.

Sai ka cire takalmi kafin ka hau. Akwai bangon dutse a miƙe, da ƴan ramuka na sa hannu da ƙafa, sun yi sumul saboda yawan hawa. Daga nan ka bi wani siririn gefe, faɗinsa kamar kamu ɗaya, ga rami fiye da mita 200 a gefenka. Gwiwoyina sun yi rawa. Amma matan ƙauyen suna hawa nan da goyo, su kai jarirai baftisma, namiji a kwana 40, mace a kwana 80.

Mutanen wurin suna cewa Abuna Yemata, ɗaya daga Tsarkaka Tara da suka yaɗa Kiristanci a Habasha, shi ya kafa wurin a ƙarni na 6. Zanen da ke rufin kuwa masana sun fi danganta shi ga ƙarni na 15. Fuskokin almajiran Annabi Isa (AS) ne aka jera a zagaye, launinsu bai dushe ba saboda bushewar iska da rashin hasken rana. Limamin cocin ya buɗe mana wani littafi na fatar akuya da rubutun Ge'ez, tsohon harshen ibadar cocin Habasha, yana juya shafin a hankali da yatsu biyu, kamar yadda kakana yake riƙe tsohon Alƙur'aninsa na warƙa.

Masallacin Negash ya samu lahani a yaƙin nan, haka ma wasu wuraren ibadar Kiristoci. Don Allah ku aika wakilinku ya hau dutsen, ya kuma biya ta Negash, ya kawo mana halin da wuraren biyu suke ciki yanzu, tare da hotuna.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya