Masu Digirin Digirgir, Ku Shigo Kasuwa Ku Ji Ta Bakin Ɗan Dako

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan bani fili in yi magana da ɗalibanmu masu karatun digirin digirgir da malaman da ke duba musu aiki, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello da kuma NITT, cibiyar nan ta koyar da harkar sufuri da ke Zariya tun 1986. Ni akawun sito ne, aikina karɓar hatsi da lissafin lodi, kuma abun da ke damuna shine yadda safarar kaya daga gona zuwa sito zuwa kanti take ta komawa cikin waya da kwamfuta, ana ta yabon manhaja da saurinta, amma mutanen da kayan nan ke bi ta hannunsu da ta kansu ba a cika tambayarsu komai ba.

In buhun masara ya taso daga Giwa ko Soba ko Saminaka zai tafi Legas, kafin ya isa sai ya bi ta hannun dillali, mai awo, mai ɗinkin buhu, 'yan dako, ɗan kamasho, direba da yaron motarsa, ga kuma matan da ke sheƙa da tsince tsakuwa waɗanda su kam ko a lissafi ba a sa su. Kowa a cikinsu da abun da ya sani wanda ba ya cikin wata na'ura. Dillali zai ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa ya ce maka wannan masarar bata gama bushewa ba, a kawo na'urar gwajin danshi ta faɗi abun da ya faɗa. Tsohon ɗan dako ya san yadda ake jera buhu a tirela nauyi ya daidaita kar mota ta kwanta a kwana. Shi ma dillalin nan da ake cewa manhaja za ta kawar, shine fa yake tsayawa manomi in ya zo neman bashin taki, shine yake sasanta rigima in awo bai cika ba.

Kar a ce ina ƙin cigaba, wallahi ba haka bane. Mun ga abun da ya faru farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, tiransifa da POS ne suka riƙe kasuwa, kuma yau mutum baya ɗaukar jakar kuɗi ya kama hanyar ƙauye yana ɗar-ɗar. Lissafin sito ma ya fi tsafta, buhu baya ɓata a rasa inda ya shiga. Wannan duk alheri ne.

Inda matsalar take shine lokacin da na'ura ta zama ita ce alƙali. Akwai direban da nake yiwa lodi, dattijo mai iyali, kamfanin da yake ja wa ya sa tiraka, wato na'urar bin sawu, a motar, ta nuna ya tsaya awanni a hanya sai kawai aka zabge masa kuɗin tafiya, alhali go-silo ne ya riƙe shi saboda wata mota ta faɗi ta tare titi. Da ya kira ofis sai aka ce masa haka sistem ya nuna. Toh wa zai kaiwa ƙara? A da in maigida ya zarge ka zaka zauna gabansa ka yi bayani, ka kawo shaida, ya duba shekarun da kuka yi tare. Yanzu lamba ce ta fito a allo shikenan an gama magana, kuma wanda ya tsara lambar ƙila bai taɓa kwana a Mararrabar Jos ba balle ya san yadda hanya take da damina.

Su Turawan da suka ƙera abun nan sun riga mu ganin haka. A 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da wata takarda a kan abun da suka kira masana'antu zango na 5, inda suka ce dole a sa ɗan adam a tsakiyar tsarin, kuma yanzu jami'o'insu na ta bincike a kai. Kamfanin Amazon ya sayi kamfanin mutum-mutumi na Kiva a 2012 a kan dala miliyan 775, yau na'urorin ne ke kawo wa ma'aikacin sito kantar kaya har gabansa, aiki ya yi sauri amma ma'aikata suka yi ta kukan ƙa'idar yawan kayan da ake ɗora musu a awa, har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2021 cewa dole a rubuta wa ma'aikacin sito ƙa'idar da ake auna shi da ita, kuma bata isa ta hana shi hutun cin abinci ko zagayawa ba. A 2024 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar masu aiki ta manhaja, cewa ba za a kori mutum da hukuncin na'ura kaɗai ba sai ɗan adam ne zai yanke. Tun ma kafin nan, da kwantena ta fito a 1956 ta fara cinye aikin 'yan dakon tashar jirgin ruwa, ƙungiyarsu ta yammacin Amurka ta zauna da masu jirage a 1960 suka ce mun yarda da inji amma a bamu kasonmu na ribar, aka ware musu kuɗin fansho da lamunin albashi. Sai dai masu cikakkiyar rajista ne suka fi morar yarjejeniyar, kaga kuwa namu 'yan dakon yawancinsu ko takardar ɗaukar aiki basu da ita, kuɗin buhu ake biyansu a tashi.

Shi yasa nake cewa ɗalibanmu kar su kwaso binciken can su liƙa mana, namu yanayin daban ne, kuma abun bincike gashi nan a ƙofar gida. An buɗe tashar tsandauri, wato tashar kwantena ta kan tudu, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ga ta Funtuwa ita ma, duk mun zauna a tsakiyarsu. A tashar jirgin ruwa ta Apapa da ke Legas tun Fabrairun 2021 aka kawo manhajar Eto da tirela ke yin bukin kafin ta shiga tasha. Mai bincike ya je ya gano mana wa ke latsa wayar nan, direban ne ko mai motar ko wani ɗan tsakiya da ake biya, kuma aljihun wa kuɗin ke fita. Ya waiwayi tsarin takin gwamnati ta saƙon waya da aka fara a 2012 zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, ya ji daga bakin manoman da ba netwok a ƙauyensu yadda suka ƙare. Dokar ƙwadagonmu tun shekarun 1970 take, amma dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta baiwa mutum damar ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, direba nawa ne suka san da wannan? Wannan kaɗai ai ya isa kundi guda.

Sannan yadda ake binciken ma a gyara. Wasu sai su turo fom da Turanci ta WhatsApp ga manajoji, manaja ya cike a ofis cikin sanyin esi, a ce an ji ra'ayin ma'aikata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zo Ɗan Magaji lokacin da ake sauke kaya, a je kasuwar Giwa ranar da take ci, a zauna da 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin sufuri wato NARTO da shugabannin 'yan dako, a yi hirar da Hausa, a samu ɗalibai mata su shiga wajen matan da ke gyaran hatsi tunda su zasu fi sakewa da su. Kuma dan Allah a ɓoye sunan duk wanda ya yi magana, don talaka na tsoron ya faɗi gaskiya gobe a ce kar a sake bashi lodi.

In an gama kuma kar kundin ya tsaya a laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello. 'Yan NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta nan Samaru, sun daɗe suna kai sakamakon binciken noma ga manoma ta rediyo da Hausa, a bi wannan hanyar. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu da ke ɗaukar nauyin karatun malamai da dama, ya kamata ta sa sharaɗin cewa duk wanda ya yi bincike a kan ma'aikata ya koma wajensu ya karanta musu abun da ya gano, su ce masa eh haka ne ko a'a ba haka muka faɗa ba. Duk ɗalibin da ya shirya zuwa ya neme ni ta hannun Edita, zan haɗa shi da direbobi da 'yan dakon da muke aiki tare, sai dai ya zo da wuri don lodi da sassafe ake farawa.

Nagode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani akawun sito,
Sabon Gari, Zariya.