Ba wayar mata kaɗai ce ta watse mana tsakar gida ba

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Ni dai shirinku na rediyo na daren Lahadi a kan wayar hannu ne ya hana ni sakat, wallahi har aka gama raina a ɓace yake. Tun daga farko har ƙarshe baƙon naku matan aure ya sa a gaba, su ne girki ke ƙonewa suna chatin, su ne suka saki tarbiyyar yara, ƙarshe ma wai maigida ya karɓe babbar waya ya sayo wa matarsa 'yar ƙarama mai tocila. Kuma mai gabatarwa bai iya ce masa to Malam su mazan fa ba? Haba jama'a.

A gidan yawa na tashi a cikin birnin Kano, na san lokacin da bayan isha'i tabarma ɗaya ake shimfiɗawa a tsakar gida kakarmu ta ce ga ta nan ga ta nanku, Baba yana zaure da rediyonsa yana jin BBC. Ko da talabijin ta zo ba ta raba mu ba, in tashar CTV za ta sa wasan kwaikwayo har yaran maƙwabta cika mana gida suke. Da GSM ta shigo a 2001 ma waya ɗaya ce a gida kuma ta maigida ce, in za ki gaisa da 'yan gidanku sai kin jira ya dawo. To yanzu da kowa ya shige ɗaki da tasa sai a ce mace ce ta kawo abin?

Maigidana mutumin kirki ne bai rage mu da komai ba, amma gaskiya ɗaya ce, zai taso daga kasuwa ya tsaya majalisa sai wajen goma ya shigo, in ajiye masa tuwo hannu ɗaya na loma ɗaya na kan waya, daga gurup ɗin siyasa sai na 'yan ƙwallo sai bidiyon TikTok yana ta dariya shi kaɗai, yaro ya kawo masa aikin makaranta ko ɗago kai ba ya yi sai dai je ka wajen mamanka. Kuma shi ya fara miƙa wa autanmu waya tun bai iya magana ba don ya daina kuka, yau yaron ba ya cin abinci sai da katun a gabansa. In aka kawo wuta ku zo ku ga falonmu, kowa da gudu da caja a hannu, kujerar da ke kusa da soket ita ake rigima a kai, kuma babansu ke fara zama.

Inda malamin da kuka gayyato ya ce a da baƙo iyakarsa zaure sai ya yi sallama, yanzu kuwa ta waya yake shiga har ƙuryar ɗakin 'yarka, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ina da 'yan mata kuma abin yana hana ni barci. Amma ai ta wayar maigida ma baƙin suna shigowa, wayar da ke da lambar sirri, wadda ake kifewa in kin zo wucewa, ake fita ƙofar gida a amsa. Wannan ko kusa bai taɓo ba.

Sannan dan Allah ya san me muke yi da wayar? Ni turaren wuta da humra da atamfofi nake sayarwa, a status na WhatsApp nake ɗorawa a turo kuɗi ta banki ɗan sahu ya kai kaya, ban taka ƙofar gida ba. Da shi nake biyan kuɗin Islamiyya da sabulu da 'yan kunne na yara, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 ni nake sayen datata ban taɓa tambayar kowa ba. Malamarmu ta hadda ta waya take jin karatunmu, yayata da ke aure a Maraɗi ta bidiyo muke ganin juna. Duk wannan ne za a karɓe a ba ni mai tocila? Ku gayyato mace ta zauna a kujerar nan ita ma ta faɗi nata, kuma ku maimaita shirin da mazan a gaba.

Sai kuma tallan masu maganin gargajiyar nan da kuke sakawa daidai bayan magariba, kalaman da suke furtawa wallahi ba su dace ba, muna zaune da yara da surukata sai dai in yi sauri in rage murya. Ku mayar da shi can cikin dare ko ku tace shi.

Taku mai sauraro kullum,
wata uwa daga Kano