Fitilar Cikin Mota da Masu Saurin Yanke Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan fitilar nan ta rufin mota wadda ke kamawa idan an buɗe ƙofa, saboda asarar da rashin fahimtarta ke jawo wa masu mota a nan Jos, musamman idan sanyin Disamba da Janairu ya kankama, batir ya yi nauyi da safe.

Wanda ya saba da tsohuwar Fijo 504 ya san cewa da zarar ƙofa ta rufu fitila ta mutu ke nan. Shi ya sa idan ya sayi 'yar Beljiyam, ya ga ya rufe ƙofa amma fitila tana ci har daƙiƙa 15 ko 20 kafin ta dusashe, sai hankalinsa ya tashi. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan aka ƙera ta haka domin direba ya ga ramin makulli cikin duhu.

Ga yadda abin yake. A jikin ginshiƙin kowace ƙofa akwai ɗan makunni mai kai kamar ƙusa, an lulluɓe shi da roba. Wutar batir tana isa kwan fitilar dare da rana ta hanyar fis, abin da kawai take jira shi ne hanyar komawa. Idan an buɗe ƙofa sai makunnin ya saki, ya haɗa wayar da bodin mota, kwan ya kama. 'Yar na'urar da ke jinkirta mutuwar fitilar, wato rilen jinkiri, tana zaune ne tsakanin makunnin da kwan, kuma a cikinta akwai kondensa, ma'ajiyar caji, wadda za a iya kwatanta ta da tulu mai 'yar huda a gindi: tana cika yayin da ƙofa ke buɗe, idan an rufe kuma sai ta riƙa tsiyaya ta cikin resisto, wanda shi ne hudar, muddin da sauran caji a cikinta tiransisto, wato ɗan makunnin lantarki da ke cikin rilen, zai ci gaba da riƙe wa kwan hanya. Girman tulun da ƙanƙantar hudar su ne ke yanke tsawon jinkirin, alal misali kondensa mai maikurofarad 100 da resisto mai kilo'om 100 suna ba da kimanin daƙiƙa 10. Akwai kuma wata waya daga makulli wadda ke katse jinkirin da zarar an murɗa shi. A sababbin motoci ba za a tarar da rilen shi kaɗai ba, domin an mayar da aikin cikin ƙwaƙwalwar da ke kula da wutar bodi, an kuma saka makunnin cikin sakatar ƙofa.

Bara na ajiye motata ranar Juma'a da yamma, ranar Litinin da asuba na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba, ashe fitilar rufi ce ta yi ta ci har ta shanye batir. Lissafin ba shi da wuya: kwan wat 10 a kan bolt 12 yana jan kusan amfiya 0.8, cikin awa 60 ya sha abin da ya kai amfiya-awa 48, ni kuwa batirina na 45 ne, ga shi ya tsufa. Yaran unguwa ne suka tura ni. Mai wayarin ɗin da na fara kai wa bai ko ɗauko mitar gwada wuta ba, ya zare fis ɗin fitilar rufi, wanda aka rubuta DOME a kansa, ya ce in tanadi kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa. Fitila ta mutu kam, amma agogon mota ya tafi tare da ita, rediyo ma ya manta tashoshinsa, domin a motoci da yawa layi ɗaya suke sha. Da na yi ƙorafi sai ya ce to a mayar da fis a yanke wayar fitilar.

Wani dattijo ne mai wannan sana'a ya warware matsalar cikin minti biyar. Ya mayar da fis, ya rufe ƙofofi duka, ya nuna mini hoton mota mai buɗaɗɗiyar ƙofa yana ci ja a gaban sitiyari, ya ce, “Alhaji, rilenka lafiya lau yake, ƙarya ake faɗa masa.” Daga nan ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya yana danna makunnin da babban yatsa, har ya zo ƙofar baya ta hagu, inda robar ta cinye, ƙofar kuma ta ɗan sauka, ba ta danne kan makunnin sosai. Na sayo wani a Dilimi, kuɗinsa bai kai na man da na ƙona wajen zuwa ba.

A ganina wannan tsari ya kamata kowane mai wayarin ya bi, a fara da abu mai araha. A duba ko maɓallin fitilar yana kan DOOR, domin yara kan tura shi zuwa ON. Idan alamar ƙofa a mace take amma fitila ta ƙi mutuwa, sai a zare rilen: in ta mutu, shi ne ya maƙale ko tiransistonsa ya ƙone, in kuwa ta ci gaba da ci, to waya ce ta goge ta taɓa bodi. Idan fitila ba ta kamawa a ƙofa ɗaya tak, tsatsa ce a makunnin, wadda ruwan Yuli da Agusta na Jos ke haddasawa, kuma goge gindin sukurun yakan isa. Idan jinkirin ne ya ɓace, galibi kondensa ce ta bushe, mai gyaran rediyo ma zai iya sauya ta. Masu saka kwan LED kuma su sani cewa yakan yi ɗan haske ko ƙyafta ido bayan an rufe ƙofa, domin 'yar wutar da tsohon kwan ba ya ko ji ta ishe shi.

Ina kira ga shugabannin masu wayarin na Jos da Bukuru da su tilasta wa yaransu gwaji da mita kafin su taɓa filaya. Motar da aka kashe, aka rufe, aka ba ta 'yan mintuna ta lafa, bai kamata ta ja fiye da kimanin miliamfiya 50 ba, kuma mai mota yana da haƙƙin a nuna masa wannan lamba da idonsa kafin ya biya kuɗin aiki.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Anguwan Rogo, Jos.