Cunkoso ne ke hana kifinku girma

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a ɗan bani fili in yi magana da 'yan uwana masu kiwon kifi, dan abun nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Mutum zai gina tanki ɗaya ya labta mishi 'ya'yan kifi kamar ba gobe, wai yawa shine riba, bayan wata huɗu ya ɗora a sikeli yaga duk sun tsumbure sai ya fara zagin masu yin abinci. Wallahi sau da yawa abincin lafiyarshi ƙalau. Nima na taɓa yin wannan gangancin da karfasa, kullum da asuba sai in tarar sun taso sama baki buɗe suna haki, ashe iskar oksijin ce ta ƙare musu cikin dare, kuma dama ruwa in ya ɗau zafi baya riƙe iska sosai. Masana sun ce in ta sauka ƙasa da miligiram 5 a lita ɗaya yawancin kifaye cin abincinsu raguwa yake.

Abun da mutane basu gane ba shine duk ƙwayar abincin da kifi ya haɗiya rabata ake, wani kaso ya tafi numfashi da iyo, abun da ya rage shi ke zama tsoka. To in wuri ya matse jikinshi sai ya dinga sakin sinadarin kotisol na tashin hankali, sukari ya hau a jini, ga ture-ture ga guje-guje ga amoniya, wato gubar da suke fitarwa daga jikinsu, tana taruwa a ruwan tana ƙona musu wajen shaƙar iska, ƙarfin da ya kamata ya zama nama duk ya ƙare a nan. Manyan kuma su tare wajen cin abinci, ƙananan su koma lungu, ka duba su zakaga fiffike a yage.

Tarwada ta ɗan fi juriya tunda tana leƙowa ta shaƙi iska a sama, amma ita ma in ba'a ware manya da ƙanana ba cinye junansu suke.

Roƙona, kafin a ƙara zuba ko ɗaya a fara duba yawan kifin da ruwan zai iya ɗauka da yadda ake canza shi, in an ga suna haki da asuba a rage su ranar, kar a jira gobe.

Naku,
Wani mai kiwon kifi